Wa Ya Shaide Ka?

Duk wanda ya doso Agadas, ko ta hanyar Tawa ya biyo ko ta Damagaram ko ta Arlit, abin da idonsa ke fara sauka a kai shi ne hasumiyar babban masallaci. Tsawonta mita 27 ne, da ƙasa aka gina ta, ga itatuwa sun leƙo daga jikinta ta kowace kusurwa, waɗanda su ne matakan magina idan lokacin yaɓe ya zo. Tarihin baka yana danganta ginin farko da Shehu Zakariya, wajen shekarar 1515. An sake ɗaga ta a 1844, kafin Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso garin a 1850 ya gan ta. A 2013 hukumar UNESCO ta sanya tsohon birnin cikin jerin wuraren tarihi na duniya. A tsawon waɗannan ƙarnoni babu wanda ya taɓa neman takardar shaidar mutanen da suka gina ta. Ita kanta hasumiyar ce shaidarsu, kuma duk wanda yake da ido ya iya karanta ta.

A wata unguwa da inuwar hasumiyar ke kusan kai wa da yamma, akwai wani tsohon magini da ya gaji sana'ar daga mahaifinsa. Bai shiga lakwal ba, karatun allo kawai ya yi, amma idan ya damƙi ƙasa ya murza ta tsakanin yatsunsa zai faɗa maka ko za ta yi tubali ko ba za ta yi ba. Ƴaƴansa maza manya sun watse, wani direba ne a hanyar Arlit, wani ya bi ayarin masu neman zinariya da aka fara a Djado a 2014. Autansu ne Allah ya buɗe wa kai a boko. Tun yana kwaleji malamansa ke cewa lissafi ba ya ba shi wuya, ya kuma ci bak a sashen kimiyya ba tare da maimaici ba. Burinsa ya zama injiniyan gini da hanyoyi, shi kuwa tsohon, ko da bai furta ba, ya ga abin kamar gadon gidan ne zai sauya riga.

Gurabun makarantun gwamnati kaɗan ne, masu nema da yawa, tallafin karatu bai samu ba. Sai wani abokin yayansa ya zo da takardar talla mai sheƙi ta wata makaranta mai zaman kanta a wani birni na bakin teku, da hoton ɗalibai sanye da hulunan kwano, da jerin manyan kalmomi na Faransanci. A ƙasan takardar an rubuta lambar izinin da gwamnatin ƙasar ta ba makarantar. Wannan lamba ita ta kwantar wa kowa da hankali. Tsohon ya sayar da filin da ya daɗe yana tanadi a bayan gari, uwar yaron ta fito da kayan azurfarta na aure ta miƙa wa maƙeri, yayyen suka riƙa turo abin da ya samu. Shekara biyar cur Auta yana can. Ya dawo da difloma cikin firam, aka yanka rago, maƙwabta suka shigo yin barka, yara suka fara kiransa injiniya.

Wata uku bayan haka aka buɗe gasar ɗaukar ma'aikata, ya haɗa takardunsa ya tura. Ba a kira shi jarrabawa ba. Da ya bi sawu, aka ce masa takardar da aka samo a waje sai an daidaita ta da ta gida. Ya hau mota, kusan kilomita 1,000 zuwa Yamai, ya kwana biyu a hanya, ya yi mako uku yana zarya daga wannan ƙofa zuwa waccan. A ƙarshe wani ma'aikaci mai furfura ya zaunar da shi ya warware masa zancen cikin tausasawa: makarantar tana da izinin buɗe ƙofa, gaskiya ne, amma fannin injiniyancin da ya karanta babu wata hukuma da ta taɓa tantance shi, ko a ƙasar da makarantar take, ko a matakin ƙasashen Afirka. Takardarsa ba ta jabu ba ce, ba ta dai da mai tsaya mata.

Ya dawo Agadas da dare. Bayan sallar asuba ya sami mahaifinsa a zaure, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, ku yi haƙuri. Sun ce karatun da na yi ba a shaide shi ba."

"Ba ka yi karatun ba ne, Auta?"

"Na yi, Baba."

"Ka iya aikin?"

"Ina jin na iya."

Tsohon ya yi shiru yana jan casbi, can ya ce: "Kana ji. To ban da kai, wa ya ji? Wa ya shaide ka?"

Wannan tambaya ta mutumin da bai san baƙi ɗaya na Faransanci ba ita ce ainihin tambayar da manyan hukumomin duniya suka kafu domin amsawa. Abin da gidan maginin bai sani ba, kuma iyaye da yawa daga Agadas har Diffa ba su sani ba, shi ne ƙofofi uku ne a jere tsakanin ɗalibi da sunan injiniya. Ta farko izinin buɗe makaranta, wanda bai wuce a ce gwamnati ta san da zaman wurin ba. Ta biyu tantance fannin karatu: masana daga waje su zo su duba su wane ne malaman, wane digiri suke da shi, awa nawa ake koyar da lissafi da kimiyyar ƙarfin kayan gini, ko akwai ɗakin gwaji da na'urar da ke matse kankare har ya fashe don a san iyakar nauyin da yake ɗauka, ko ɗalibai suna fita koyon aiki a kamfanoni. Wannan shaida ba ta makaranta dungurungum ba ce, fanni-fanni ake ba da ita, kuma ta wasu shekaru ce, sai an sabunta. Makaranta ɗaya tana iya samun amincewa a fannin akanta, ta rasa ta a fannin gini. Ƙofa ta uku ta mutum ce shi kansa: ƙungiyar ƴan sana'a ta rubuta sunansa cikin kundinta, ta ba shi ikon sa hannu a kan zane, ta kuma riƙe ikon ƙwace wannan dama idan ya ci amana. Auta ya ga ƙofar farko a buɗe, ya ɗauka gidan ke nan ya shiga.

Abin da zai ba mutum mamaki shi ne a ƙasar nan aka haifi hukumar da ke kula da ƙofa ta biyu a yawancin ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci. A Yamai ne, cikin watan Janairu na 1968, shugabannin ƙasashe suka yanke shawarar kafa majalisar ilimi mai zurfi ta Afirka da Madagaska, wadda aka sani da CAMES. Mazauninta yana Wagadugu, sakatarenta na farko kuwa shi ne masanin tarihin nan Joseph Ki-Zerbo. A 1972 aka sa hannu a Lome a kan yarjejeniyar amincewa da takardun shaidar juna, domin wanda ya yi karatu a Dakar ya iya aiki a Yamai ba tare da an sake auna shi daga tushe ba. A 2007 ƙasashen ƙungiyar UEMOA suka amince da tsarin LMD, wato lisansi bayan shekara 3, masta bayan 5, dakta bayan 8, don ma'auni ya zama ɗaya. A wannan tsari na ɓangaren Faransanci, mai shekara 2 bayan bak babban ma'aikacin fasaha ne, mai shekara 5 shi ne injiniyan da ke tsara aiki tun daga takarda. Sai dai shekaru kaɗai ba su isa ba, domin jaki ma yana iya shekara biyar a ƙofar makaranta.

Duniya ta kasu gida biyu wajen amsa tambayar tsohon magini. Faransa ta rataya nauyin a wuyan makaranta: tun dokar 10 ga Yuli 1934 akwai hukumar CTI, kuma babu makarantar da za ta ba da laƙabin injiniya mai difloma sai da yardarta. A nan yankinmu, cibiyar 2iE ta Wagadugu, mai horar da injiniyoyin ruwa da muhalli, ta sami wannan amincewa a 2009. Ƙasashen da suka gaji tsarin Ingila kuwa sun ɗora nauyin a wuyan mutum bayan na makaranta. A Najeriya, wadda Bamaraɗe ke kai wa cikin sa'a guda, an kafa hukumar COREN da doka ta 55 ta 1970. Ɗalibin da ya gama shekara biyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko ta Bayero ta Kano bai zama injiniya a idon doka ba sai ya yi wasu shekaru yana aiki ƙarƙashin na gaba da shi, an auna shi, sannan a ba shi lamba da hatimi. Wani abin lura shi ne kundin COREN ba na masu digiri kaɗai ba ne, yana da gurbi har na masu sana'ar hannu. A sama da waɗannan duka akwai yarjejeniyar Washington ta 1989, wadda hukumomin tantancewa na ƙasashe irin su Amurka da Ingila da Kanada da Ostireliya suka ƙulla don amincewa da shaidar juna. Afirka ta Kudu ta shiga a 1999, Najeriya ta sami matsayin share fage a 2023. A Nijar ma injiniyoyin gini da hanyoyi suna da tasu ƙungiyar sana'a, kamar yadda likitoci da lauyoyi da masu zanen gine-gine suke da tasu.

Tsohon magini bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan sunaye ba, amma da ɗansa ya zayyana masa su sai ya gyaɗa kai, domin ya gane fasalin. Shi ma ta ƙofofi ya bi. Ya fara da ɗaukar ruwa da kwaɓa ƙasa, daga nan aka bar shi ya jefa tubali ga na saman bango, sai bayan gemu ya fito masa aka yarda ya jera azara. Ranar da ya rufe ɗakinsa na farko shi kaɗai, ubangidansa bai yabe shi ba, bai kushe ba, cewa ya yi ya kawo tabarmarsa ya riƙa kwana a ciki har ruwan farko ya sauka. A biranen Hausa, daga Kano zuwa Damagaram, sarkin magina ne ke riƙe da wannan ma'auni: shi ya san wanda ya isa a ba shi soron sarki da wanda bai wuce katangar awaki ba, kuma idan gini ya faɗi, gabansa ake zuwa. Babban Gwani da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830 daga wannan tsari ya fito. Haka ma Falke Barmu na garin Yama a jihar Tawa, manomi kuma magini, wanda masallacin ƙasa da ya fara ginawa a 1962 ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gini a 1986. Saboda haka tantancewa ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Tufafinta ne suka sauya.

To me ya hana a tsaya a kan shaidar gargajiya? Tsohon da kansa ya ba da amsa wata rana da suka wuce ta gaban wani bene da ake zuba wa kankare a sabuwar unguwa. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce bangon ƙasa ba ya munafunci, kafin ya faɗi sai ya tsage, ya yi ciki, ya ba ka kwanaki ka kwashe iyalinka. Wannan kuwa da zarar ya bushe, ba ka san abin da aka binne a cikinsa ba. Gaskiya ya faɗa. Ƙarfe nawa aka sa, mai wane kauri, siminti buhu nawa aka cuɗa da yashi, duk sun ɓuya, kuma unguwa ba ta da idon da za ta gani. Shaidar maƙwabta tana aiki ne a inda kowa ya san kowa, kuma kowa ya san ƙasa. Gada, da madatsar ruwa, da ramin ma'adini, da tashar lantarki sun fi ƙarfin wannan ido. Ko ginin ƙasar ma yana bukatar wanda ya iya auna abin da ido ba ya gani. A farkon Satumba na 2009 ruwan da ya gangaro daga duwatsun Abzin ya cika ƙoramar Telwa, ya ɓalle madatsa, ya rushe dubban gidaje a Agadas. A watan Agusta na 2023 wani ɓangare na masallacin Babban Gwani ya rufta wa masu sallar la'asar a Zariya, aka yi asarar rayuka. A Satumba na 2024 tsohon masallacin Damagaram na ƙarni na 19 ya zube bayan mamakon ruwa. Yawan ruwan da ƙorama za ta iya kawowa sau ɗaya cikin shekara hamsin ba a sanin sa da murza ƙasa a hannu, sai da lissafi.

Jihar Agadas kuwa ta fi kowace jiha bukatar wannan lissafi. An gano yuraniyom a Azelik a 1957. Kamfanin SOMAIR ya fara haƙa a Arlit a 1971, COMINAK ya biyo baya a Akuta a 1978 da rami mai zurfin kusan mita 250, kamfanin SONICHAR kuma yana ƙona gawayin Anu Araren kusa da Cirozerin don samar da lantarki. Domin waɗannan ayyuka aka buɗe makarantar ma'adinai ta Abzin, EMAIR, a nan Agadas a tsakiyar shekarun 1970, ta horar da ma'aikatan fasaha. Makarantar injiniyoyi ta EMIG da ke Yamai ƙungiyar ƙasashe ta CEAO ce ta kafa ta, ta fara karatu a 1990, daga baya ta dawo hannun Nijar. Jami'ar Agadas kuwa a 2014 aka kafa ta, tare da na Diffa da Dosso da Tillaberi. An rufe COMINAK a ƙarshen Maris na 2021, ya bar tarin dusar ma'adini kimanin tan miliyan 20 da dole a rufe a kuma sa wa ido shekaru masu yawa. A Yuni na 2025 gwamnati ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa. Ma'anar wannan ita ce hannun da zai sa hannu a kan takardar da ke cewa ruwan rijiyar Arlit ya shawu, ko bangon rami ba zai zabtaro ba, hannun ɗan ƙasa ne. Idan aka yi sakaci da ma'aunin da ake auna wannan hannu, ba takarda ce za ta lalace ba, mutane ne za su mutu.

Duk da haka, a ce laifin gidan magini ne da ba su bincika ba, an yi musu rashin adalci. Jerin fannonin da aka amince da su yana nan, amma cikin Faransanci yake, a intanet, a ofisoshin da ke nesa da Agadas tafiyar kwana biyu. Mai talla kuwa har zaure yake shigowa, da Hausa da Tamajak yake magana. Tun da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, babu hujjar da za ta hana a karanta wannan jeri a gidajen rediyo duk lokacin da sakamakon bak ya fito, kamar yadda ake karanta sunayen waɗanda suka ci. Abdu Mumuni, masanin kimiyyar hasken rana da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, tun a littafinsa na 1964 a kan ilimi a Afirka ya yi kira da a ba harsunan gida matsayinsu a makaranta. Uban da zai sayar da fili ya cancanci a gaya masa, da harshen da yake ciniki da shi, abin da zai saya. Haka kuma hatimi ba ya maye gurbin gwaninta: akwai masu cikakkiyar takarda da ba su taɓa sanin nauyin tubali ba, kuma tsarin da zai shaidi injiniya ya bar maginin da ke riƙe da hasumiya babu ko layi ɗaya a kundi, tsari ne mai ƙafa ɗaya.

Auta ya yi watanni ba ya son fita. Yaran da ke kiransa injiniya ba su daina ba, kuma sunan ya koma yi masa zafi kamar ƙaya a takalmi. Wata safiya mahaifinsa ya tura masa kwando da ƙafa, ya ce akwai soron da za a gyara kafin damina. Ya bi shi. Ya kwaɓa ƙasa, tafin hannunsa ya yi kanta, ya koyi yadda ake ɗora indararo don ruwa kada ya ci gindin bango. Shi kuma ya nuna wa tsohon, da igiya da ma'aunin ruwa, cewa gangaren lungun ne ke maido da ruwa cikin gidan, ba rufin ba ne ke yoyo. Tsohon ya duba, ya sake dubawa, ya ce a haƙa magudana inda yaron ya nuna. Daga baya wani ɗan kwangila ya ɗauke shi a matsayin mai lura da ma'aikata, albashin bai kai na injiniya ba, kuma ba ya sa hannu a kan komai. Daga cikin wannan albashi yake tara kuɗin komawa aji, a wata makaranta da ya tabbatar da idonsa cewa fanninta yana cikin jeri, inda aka yarda a lissafa masa wani ɓangare na karatunsa na baya. Filin da aka sayar ba zai dawo ba, azurfar uwarsa ma maƙeri ya daɗe da narkar da ita.

Bara, bayan fitowar sakamakon bak, wani maƙwabcinsu mai sayar da dabino ya yi sallama a zauren da almuru, riƙe da takardar talla mai sheƙi. Ƴarsa ce ta ci, tana son karatun injiniyan lantarki. Ya miƙa wa tsohon takardar don neman albarka, tsohon bai karɓa ba, ya nuna ɗansa da haɓa.

Auta ya karanta ta daga sama har ƙasa, ya juya bayanta, sannan ya ce: "Kawu, wannan lambar ta izinin buɗe makaranta ce. Kafin ku biya ko dala, a tambaye su abu uku. Wannan fannin na lantarki, shi kansa, wace hukuma ta tantance shi, a wace shekara? Waɗanda suka gama bara, ina suke aiki? In ta dawo gida, za a karɓi takardar a Yamai? Kada ku yarda da amsar baki, su rubuto."

Mai dabino ya ninke takardar ya sa a aljihu, jikinsa a sanyaye. Tsohon ya miƙe don alwalar magariba, ya dafa kafaɗar ɗansa yana neman takalminsa da ƙafa, ya ce wa baƙon: "Ka ji abin da ya faɗa maka. A kan wannan, ni na shaide shi." Ladan ya ɗaga murya daga wajen hasumiya, su uku suka fita lungu.